SUNAN WA AMARYA ZA TA ƊAUKA?



Kwanakin baya wani saurayi da budurwarsa suka zo ofishin faris domin cika takardar binciken aure. Mun gama tambayoyi lafiya, ina shirin rufe fayil, sai budurwar ta ce, "Fada, ina da tambaya. Dole ne in bar sunan babana bayan aure?" Kafin in buɗe baki saurayin ya amsa, "Fada, wannan ai ba abin tambaya ba ne. Na biya sadaki." Ta sunkuyar da kai. Mahaifinta ya rasu tana aji uku na sakandare, bai bar ɗa namiji ba, sunansa ne kuma a kan dukan takardun da ta sha wahala ta samu, har da ta aikin jinya. Na ce su tafi su yi addu'a, su yi magana da juna, su dawo bayan mako guda. Ni ma na ɗauki makon ina tunani, gama tambayar ta fi yadda muke zato nauyi.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Da shi ake kiran mutum ya juyo, da shi ake yabonsa, da shi ake binsa bashi. Saboda haka wanda ya ce wa wani ya ajiye sunansa ba ƙaramin abu ya roƙa ba. Ya kamata mu fara da sanin inda wannan al'ada ta fito.

Da yawa cikinmu suna tsammani daga kakanni muka gāje ta. Ba haka ba ne. A ƙasar Hausa mace ba ta rabuwa da sunan mahaifinta don ta yi aure. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, amma har yau da 'yar Shehu ɗan Fodiyo aka san ta. Kakanninmu mata a gidaje da yawa ko ambaton sunan miji ba su yi, saboda kunya. Sai su ce "maigida" ko "baban wane". Su kuma akan kira su "uwar wane". Sunan iyali ɗaya wanda ake gāda daga tsara zuwa tsara ya bazu ne tare da rajistar makaranta da ofisoshin gwamnati. Shi ya sa wasu manyan Arewa suka ɗauki sunan garinsu da aka bukaci suna na biyu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. A gidajenmu da yawa sunan da muke kira na iyali sunan kaka ne wanda wani malamin makaranta ya rubuta a littafi.

Al'adar mace ta ɗauki sunan miji ta zo mana daga Ingila. A tsohuwar dokar wannan ƙasa, mace in ta yi aure dukiyarta takan shiga hannun mijinta, sai a 1882 majalisarsu ta ba matar aure cikakken ikon mallakar abin da yake nata. Makarantu, asibitoci da majami'u suka yaɗa al'adar a cikinmu har muka ɗauke ta kamar doka. Amma a Sifen, ƙasar da ta daɗe cikin bangaskiyar Katolika, mace tana riƙe sunanta har mutuwa, 'ya'ya kuma suna ɗaukar na uba da na uwa. A lardin Kebek na Kanada tun 1981, da ƙasar Girka tun 1983, doka ce ta ce mace ta ci gaba da sunan da aka haife ta da shi. Dokar Aure ta Nijeriya ta 1914 ba ta tilasta wa kowace mace sauya suna ba.

To, me Ikilisiya ta koyar? Littafin Dokokin Ikilisiya na 1983, a doka ta 1057, ya nuna cewa yardar namiji da mace ita ce take ƙulla aure, ba kuma wani ikon ɗan adam da zai iya ba da wannan yarda a madadinsu. Doka ta 1108 ta bukaci a yi alkawarin a gaban firist ko dikin da shaidu biyu. Babu inda aka sa sauya suna cikin sharuɗɗan. Ku lura kuma da abin da yake faruwa a ofis bayan an watse. Bisa ga doka ta 1121 da ta 1122, ana rubuta auren a littafin aure, sa'an nan a aika labari zuwa faris inda aka yi wa kowannensu baftisma, a rubuta shi kusa da sunansa. Ba a goge sunan amarya, ba a kankare sunan mahaifinta. Ana ƙara layi ne kawai. Ikilisiya tana ganin mutum ɗaya daga ruwan baftisma har kabari, aure kuwa ƙari ne a kan tarihinsa.

A cikin Littafi Mai Tsarki an sauya wa mutane suna, amma mu duba wanda ya sauya da dalilinsa. A Farawa 17 Allah ya mai da Abram Ibrahim, ya mai da Saraya Saratu. Miji da mata duka suka karɓi sabon suna daga hannu ɗaya, domin alkawari ɗaya. Yakubu ya zama Isra'ila, Siman ya zama Bitrus. A kowane wuri Allah ne mai ba da sunan, kuma kira ne zuwa hidima. Farawa 2:24 ta ɗora barin uba da uwa a kan namiji, ko da yake mu mun saba ɗora shi a kan mace kaɗai. Manzo Bulus kuma, da yake gai da Biriskila da Akila a Romawa 16, sunan matar ya fara ambata.

Kada wani ya ce Fada ya hana mata ɗaukar sunan mazansu. Ko kaɗan. Akwai dalilai masu kyau na yin haka. Suna ɗaya alama ce a idon jama'a cewa gida ɗaya ne. Yana sauƙaƙa sha'anin makarantar yara, asibiti da tafiya. Mata da yawa suna ɗaukarsa da murna, kamar yadda Rut ta zaɓi mutanen Na'omi su zama nata ba tare da an tilasta mata ba. Akwai kuma dalilai masu kyau na riƙe sunan mahaifi: girmama iyaye, wanda doka ta huɗu ta umarta ba ta kuma ƙarewa ranar aure, takardun karatu da na aiki, sunan da aka riga aka san mutum da shi a sana'arsa. Wasu kuma suna haɗa biyun.

Inda laifi yake shi ne a cikin dalilin da saurayin nan ya bayar. Sadaki girmamawa ce ga gidan da ya yi renon yarinya, da shaidar cewa iyalai biyu sun ƙulla zumunci. Ba kuɗin saye ba ne. Wanda ya ɗauki sunansa kamar tambarin da ake buga wa saniya, ya riga ya ɓata ma'anar alkawarin da zai yi a gaban bagade. Abin da aka bayar da yardar rai kyauta ne. Abin da aka ƙwace da barazana ko gori ba ya zama alamar ƙauna, ko da an buga shi a jarida. Haka kuma amaryar da ta riƙe sunan gidansu domin ta nuna wa miji cewa gidansu ya fi nasu, ko domin ta bar ƙofar komawa a buɗe, ita ma ta yi kuskure. Ma'auni ɗaya ne ga su biyun: a yi shawara tare, cikin gaskiya, kafin ranar aure, kowa yana neman darajar ɗan'uwansa.

Akwai wajibi na biyu wanda muke rainawa. Duk sunan da aka zaɓa, sai a tsaya a kansa, a kuma daidaita takardu. Na san wata gwauruwa a wannan ƙetaren kogi wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. A takardar makarantarta sunan mahaifinta ne. A banki ta sa sunan mijinta na fari. Shi kuwa a fayil ɗinsa na wurin aiki ya rubuta ta da sunan kakansa. Da ta je karɓar haƙƙinsa aka ce mata waɗannan mata uku ne. Ta yi fiye da shekara tana hawa da sauka, yara biyu suka zauna a gida saboda kuɗin makaranta, wasu dangin mijin kuma suka fara cewa ba a ma san ko an ɗaura auren ba. Littafin aure na faris, da sa hannun shaidu biyu, shi ne ya fara buɗe mata hanya. Mijin yana ƙaunarta ƙwarai. Sakaci ne kawai, amma sakacin ya ci abincin marayu.

Zamanin ya ƙara tsananta wannan. Tun da aka kawo lambar BVN ta banki a 2014, aka kuma umarta a ƙarshen 2020 a haɗa layin waya da lambar NIN ta ɗan ƙasa, bambancin harafi ɗaya yana iya tsai da albashi ko fasfo. Saboda haka wadda ta zaɓi sauya suna ta bi hanya daki-daki: ta karɓi takardar shaidar aure, ta yi takardar rantsuwa a kotu, ta buga sanarwa a jarida ta ajiye shafin, sa'an nan ta gyara NIN, banki, wurin aiki da fasfo, da rubutu iri ɗaya da jeri iri ɗaya. Takardun makaranta za su zauna da tsohon suna. Takardar aure da ta rantsuwa su ne gadar da take haɗa su da sabon. Miji kuma ya je ya gyara sunan magajinsa a wurin aiki da banki. A sami jaka ɗaya domin waɗannan takardu, a ajiye hotonsu a wani wuri dabam. Mu da muka ga yadda iyalai suka baro gidajensu a rikicin 2000 da na 2002, suka dawo Sabon Tasha, Narayi, Romi da Gonin Gora, wasu da rigar jikinsu kaɗai, mun san takarda tana iya ƙonewa cikin dare ɗaya.

Kada mu ce rubuce-rubuce sha'anin duniya ne. A Littafin Tobi, sura 7, Raguwel bai ba da 'yarsa Saratu da baki kawai ba, sai da ya rubuta yarjejeniyar auren. Majalisar Trent a 1563 ta umarta a yi shelar aure sau uku a kuma ajiye littafi, domin a wancan zamani maza suna yin aure a ɓoye sa'an nan su yi musu, mata da yara su sha wahala. Tsari kariya ce ga marar ƙarfi.

Wannan ya kawo mu ga shirin biki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da nake gani sau da yawa shi ne an kama ɗakin taro a Barnawa, an fitar da anko, an buga katin gayyata da rana a kai, sa'an nan a zo a sanar da Fada. An fara daga wutsiya ke nan. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya koyar a wasiƙarsa a kan iyali ta 1981 cewa shirin aure yana da matakai, daga tarbiyyar gida har zuwa makonnin ƙarshe. Ku fara zuwa ofishin faris watanni da dama kafin ku sa rana. Ku nemo sabuwar takardar baftisma daga inda aka yi muku, ko Kafanchan ne, ko Zonkwa, ko Kachia. Ku halarci koyarwar aure ku biyu. Ku yi gwajin jini tun da wuri, gama idan ku duka kuna da AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon sikila, wannan kuwa magana ce da za a yi kafin a ɗinka riga. Ku tuna sanarwar da ake bayarwa a wurin rajistan aure tana bukatar kwana 21, auren kuma dole a yi shi cikin wata uku daga ranar sanarwa.

Bayan waɗannan sai a zauna da littafi da biro a ƙidaya abin da yake hannu, kamar mai ginin hasumiya a Luka 14. A raba aiki ga 'yan kwamiti, kowa ya san nasa, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Bikin yini ɗaya ne. Bashinsa yakan kai shekara biyu, yakan kuma zama faɗan farko a sabon gida. Ubangijinmu ya halarci biki a Kana, ya kuma rufa wa ango asiri, saboda haka murna ba zunubi ba ce. Amma budurwai biyar ɗin da aka yaba a Matiyu 25, tanadin mai ne ya bambanta su da sauran.

Saurayin nan da budurwarsa sun dawo bayan mako guda. Ya ce, "Fada, gaskiya ba sunan ne ya dame ni ba. Tsoron abin da abokaina da mamana za su ce ne." Na ce masa, "Ɗana, gara da ka gane wannan yanzu, gama za su yi magana a kan abubuwa da yawa nan gaba, kai ne kuma za ka tsaya tare da matarka." Sun yarda ta riƙe sunan mahaifinta ta ƙara nasa a baya, shi da kansa kuma ya je ya yi wa mahaifiyarsa bayani. Wani gida zai zaɓi dabam, ba kuwa laifi.

Ranar aure firist yakan kira ango da amarya da sunansu na baftisma sa'ad da yake tambayar yardarsu. Da wannan suna Allah ya san kowannenmu, shi ne kuma muke fata a same shi a rubuce a sama. Iyaye, katekis da 'yan Zumuntar Mata, ku taimaki 'ya'yanmu su tattauna wannan tun da sauran lokaci, ku kuma duba takardun gidajenku a wannan mako.

Iyali Mai Tsarki na Nazarat, Yesu, Maryamu da Yusufu, su kiyaye gidajenmu. Amin.