Ko Ya Dace a Waƙe Sha'awa?

A gidaje da dama na Bulumkutu, uba kan ji waƙar soyayya tana tashi daga wayar 'yarsa, ya rasa ko ya ƙwace wayar ko ya kau da kai. Tambayar da ke damunsa tsohuwa ce: sha'awar da ke tsakanin mace da namiji abar waƙewa ce, ko abar rufewa?

Hukumomi sun sha zaɓar rufewa. A Kano an kafa hukumar tace finafinai a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, amma 'yan mata ba su daina karanta su ba. Jamus ta riga Kano gwada wannan magani. A 1835 majalisar tarayyar ƙasashen Jamus ta haramta rubuce-rubucen Heinrich Heine da wasu marubuta, bisa zargin rushe addini da tarbiyya. Shekara 5 bayan haka Robert Schumann ya sa wa waƙoƙin soyayyar Heine kiɗa, har yau ana rera su.

Sai dai daɗin waƙa ba ya wanke abin da ke cikinta. A 1823 Goethe, babban mawaƙin Jamus, yana dab da cika shekara 74, ya nemi auren Ulrike von Levetzow, budurwa mai shekara 19. Bai samu ba. A hanyar komawa gida ya tsara waƙar baƙin ciki ta Marienbad, wadda masana ke sakawa cikin mafi kyawun ayyukansa. Kyau kam tana da shi. Amma zafin zuciyar dattijon ne ya cika ta. Abin da yarinyar ke so da rayuwarta bai dami waƙar ba. Ulrike ta rayu har 1899 ba ta yi aure ba.

Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar zancen ba. Waƙar Waƙoƙi, mai sura 8, tana yabon jiki ba kewaye-kewaye, abin da ya sa masu wa'azi da yawa ke tsallake ta. A cikinta mace ce ke fara magana, muryarta ta fi ta namijin yawa, ana nemanta ita ma tana nema, sau 3 kuma ana gargaɗin 'yan matan Urushalima game da gaggawa.

Uban da ya zauna ya saurari waƙar nan tare da 'yarsa har ƙarshe zai iya tambayarta: a cikin wannan waƙa, ita yarinyar an bar ta ta ce wani abu?