Ra'ayin Mai Karatu: Shaida Ce ko Hukunci?

Ra'ayin mai karatu a kan ƙagaggen labari shi ne abin da ya zauna masa a rai bayan ya rufe littafi: daɗi ya ji ko haushi, zai ba ƙanwarsa aro ko zai ɓoye mata. A garuruwan kudancin Nijar irin su Tchaké, da ke yankin Mayahi a jihar Maraɗi, da baki wannan ra'ayi ya fi yawo. Yawancin karatun lakwal da Faransanci ake yi, littattafan Hausa kuwa daga Kano ƴan kasuwa ke kawo su, kuma wanda ya iya karanta Hausar boko shi kan karanta wa waɗanda ba su iya ba. Littafi ɗaya sai ya sami kunnuwa da yawa, kowa da abin da zai faɗa. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan musu ta addini ce: shin abin da mai karatu ya ji ya isa a yanke wa littafi hukuncin halal ko haram? In kuma labari ya jawo ɓarna, alhakin yana kan wa?

Sukar farko da aka yi wa ƙagaggen labari ita ce wai ƙarya ne. A 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Fassara ya zaga biranen Arewacin Nijeriya yana neman malamai su rubuta labarai don gasa, abin da ya fara cin karo da shi shi ne ganin da suke wa aikin: tatsuniya ce ta mata da yara, ba ta dace da mai ilimi ba. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai yin kashedi ga wanda ke shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Duk da haka gasar ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

Amsar wannan suka tana cikin zauren malamai tun da daɗewa. Maƙamatul Hariri, wanda ɗalibai ke karantawa a ƙasar Hausa don ƙwarewa a Larabci, labarin Abu Zaidi ne, wani mayaudari mai zaƙin baki da bai taɓa rayuwa ba. Hariri, wanda ya rasu a 1122, ya san za a zarge shi, sai ya kare kansa tun a gabatarwa: ya kwatanta aikinsa da labaran da ake sa wa dabbobi a baki don koyarwa, ya kuma dogara da cewa niyya ce ma'aunin aiki. Ƙarya ita ce a faɗi abin da bai faru ba don a sa mai ji ya ɗauka ya faru. Idan mai faɗi da mai ji duk sun san ƙirƙira ce, babu wanda aka yaudara. Tsohuwar da ke yi wa jikoki tatsuniya da dare ma kan rufe da jingina ƙaryar ga gizo, yaran kuma sun gane.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce shagala. Aya ta shida a Suratu Luƙman tana zargin mai sayen zancen banza don ya kawar da mutane daga tafarkin Allah, kuma malaman tafsiri da dama sun ce ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, wanda ke ba Ƙuraishawa labaran jaruman Farisa, Rustum da Isfandiyar, don kada su saurari Alƙur'ani. Abin lura shi ne an ɗaure zargin da manufa. Laifin Nadru shi ne abin da ya nufa da labaran. A ɗaya gefen kuma akwai Suratu Yusuf, wadda Alƙur'ani da kansa ya yaba ƙissarta, alhali a cikinta akwai hassadar ƴan uwa da son da matar Azizu ta yi wa Annabi Yusuf. Masu tarihin ƙungiyoyi irin su Shaharastani sun ruwaito cewa wani ɓangare na Hawarijawa ya ƙi yarda surar tana cikin Alƙur'ani, wai don labarin soyayya ce. Al'umma ta yi watsi da wannan magana. Misalin yana nuna cewa ƙyamar da mai karatu ya ji, ko da tsoron Allah ne ya sa shi jin ta, tana iya zama kuskure tsagwaronsa.

Inda wannan muhawara ta fi zafi a ƙasar Hausa shi ne kan littattafan da suka cika kasuwa daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, jama'a kuwa ke kira littattafan soyayya. A shekarun 1990 shi da Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu sun yi ta fafatawa a jaridu kan darajarsu. A cikin gidaje ma rabuwar ta fito fili. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, yana da wurin da Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren wanda ba ta so. Iyaye da yawa sun ga koya wa ƴan mata tawaye da halaka kai. Matasa sun ga gargaɗi ga iyaye a kan auren dole, wanda malamai ma suka daɗe suna magana a kansa. Haka Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho tana ƙarama. A Alhaki Kuykuyo Ne kuma, Alhaji Abdu ne ya kori Rabi da ƴaƴanta saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Macen da aka taɓa saki ba gaira ba dalili, da magidancin da ke shirin ƙara aure, ba za su tashi daga wannan littafi da magana ɗaya ba. Kowannensu da rayuwarsa ya karanta, kuma kowanne gaskiyar abin da ya ji yake faɗa.

A nan ne ya kamata a raba shaida da hukunci. Mai karatu shaida ne a kan abin da littafi ya yi masa shi kaɗai, kuma shaidarsa abar saurare ce. Uwar da ta ce ƴarta ta bar aikin gida da hadda saboda littattafai ba ƙarya take ba. Sai dai hukunci a kan littafin yana buƙatar a san shi ciki da bai, domin ƙa'ida ce a wurin malaman usulu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. Da yawa daga masu tsine wa waɗannan littattafai ji suka yi, ba su karanta ba, kuma wannan rauni ne babba. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafai a wata makarantar ƴan mata a Kano. Hujjar irin wannan mataki ita ce toshe kafar ɓarna, ƙa'idar da mazhabar Malikiyya ta shahara da ita. Amma Ƙarafi, babban malamin mazhabar da ya rasu a 1285, ya kasa kafofin uku: wadda kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, wadda kowa ya yarda ba a toshewa, kamar hana noman inabi don tsoron a yi giya, da wadda ake saɓani a kanta. Littafin da aka rubuta don batsa zalla yana kashi na farko. Wanda ya nuna zalunci a gidan aure don a ƙyamace shi ya fi kusa da na biyu, ko da wani ya karanta ya ɗauki mugun darasi. Haɗa su a wuta ɗaya bai yi daidai da wannan rarrabewa ba.

Akwai wani nau'i da ya fi wuyar warwarewa, kuma ya shafi mutanen Tasawa da Mayahi kai tsaye, wato labarin da ya ari rigar tarihi. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia da Faransanci, a kan Sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Ƙarshen jagororin waccan runduna a ƙasar Tasawa ya faru: a watan Yuli na 1899 sojojinsu suka kashe hafsoshin biyu a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke. Takardun Faransawa kaɗan suka ce game da Sarauniya, saboda haka yawancin hali da zantuttukan da ke cikin littafin Mamani ne ya gina su. Mai kishin ƙasa ya ga jaruma. Wani Musulmi kuma zai iya damuwa da yadda aka ɗaukaka Azna aka nuna sarakunan Musulmi da rauni a gaban Nasara. Ɗan lakwal kuwa sau da yawa yakan haddace shi a matsayin tarihi. A nan fahimtar junan da ta wanke Hariri ta yi sako-sako, domin sunayen na gaske ne, zantuttukan na ƙirƙira, kuma mai karatu ba shi da hanyar tsince su. Nauyin bayani a irin wannan yana kan marubuci da malamin da ke koyar da littafin.

Alhaki, ke nan, rabo ne. Marubuci na da alhakin niyyarsa da abin da ya ƙawata, domin ana iya nuna zunubi a labari yadda za a guje shi, ana iya nuna shi yadda za a yi sha'awarsa, kuma marubuci ya san wanda ya yi. Mai karatu baligi na da alhakin abin da ya zaɓa, da lokacin da ya ba shi, da aikin da ya yi bayansa. Yaro kuwa nauyinsa na kan mai kula da shi. Yanzu da labarai ke isa ƙauyuka ta wayar hannu, a rubuce ko a murya, kashi-kashi, marubuta da yawa kan ji abin da masu bin labarin ke so kafin su rubuta babi na gaba. Mai karatun da ya matsa a ƙara batsa, ko a wulaƙanta kishiya, ya shiga cikin rubutun da hannunsa, kuma yana da nasa kason a abin da ya fito.