Rasuwar Makaɗi: Me Shari'a Ta Ɗora Mana?

A wannan mako za mu dubi wata wasiƙa da wani ɗan amshi ya aiko mana. Maigidansu, makaɗin kalangu, ya riga mu gidan gaskiya, amma da aka kawo gawarsa ƙofar masallaci sai waɗansu mutanen unguwa suka zame, wai ba a yi wa maroƙi salla. Shi ne yake tambaya, ashe haka shari'a ta ce?

To, Malam, Allah Ya jiƙan maigidanku, Ya ba ku haƙuri. Ba haka ta ce ba. Duk wanda ya mutu a kan kalmar shahada, wanka da likkafani da salla da binnewa haƙƙinsa ne a kan jama'a. Farali ne na kifaya, watau in waɗansu suka yi ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi. Abin da malaman Malikiyya suka faɗa shi ne, an so ma'abuta falala su janye daga sallar wanda ya shahara da bayyana manyan zunubai, domin mai irin halinsa ya tsorata. Ba su ce a yar da gawa ba. Kuma wannan janyewa ta ma'abuta falala ce, ba ta kowane mai rawani ba, balle wanda bara ma makaɗin nan ya kwana yana kiɗa a bikin 'yarsa.

Hukuncin kiɗa kansa malamai sun daɗe suna saɓani a kai. Mafi yawansu sun tsananta, sai dai sun yi rangwame ga mandiri a wajen aure, Ibn Hazmi na Andalus kuwa bai ga haramcinsa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi faɗa ƙwarai da cakuɗuwar maza da mata a wuraren wasa. Amma wannan duk nasiha ce ga mai rai. Wanda ya riga ya tafi, Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Da Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, an kai shi Daura an yi masa sutura. Haka aka yi wa Ɗanmaraya a Jos cikin 2015. Me ya sa sai makaɗin da ba shi da sarki a bayansa za a guje wa?

Inda na fi jin tsoro ga mamacinku shi ne haƙƙin mutane. An taɓa kawo wa Annabi gawar mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Saboda haka ku bincika, in akwai ɗan ƙungiyar da ba a ba shi kasonsa ba, ko maɗinkin kalangu da ke bin kuɗi, a biya kafin a raba gado. Sa'an nan akwai bashin da ba na kuɗi ba. Bakin mawaƙi kaifi gare shi. Wanda duk aka yi wa zambo ko habaici har yara suka riƙa rerawa a gari, lalle yana da haƙƙi. Ku da kuka amsa waƙar nan da bakinku, ku taka ƙafa ku je ku roƙa masa gafara, ku roƙa wa kanku, faifan kuwa a daina sa shi.

Hawaye ba laifi ba ne, Annabi ma ya zubar ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufa. Makoki kwana 3 ne, sai matansa da za su yi takaba wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa har ta haihu.

Saura ku iyayen gidan da ya wasa, sunanku ya kai inda ƙafarku ba ta kai ba. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya umurta a yi wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Dā kuna yi wa mutumin nan kyautar riga da doki a bainar jama'a. Yanzu buhun gero marayunsa ke bukata, da kuɗin makaranta.