Inda Toka Ke Kuɗi

Bahaushe ya ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Da can gatse na ɗauki wannan magana, sai da na ji labarin Damien Hirst, wani mai zane na ƙasar Ingila.

A 2021 mutumin nan ya fitar da zane 10,000 a kan takarda, kowanne da abin da ake kira NFT, wato shaidar mallaka da ake rubutawa cikin wani kundi na intanet wanda ba ya goguwa. Ya sa wa kowanne dala 2,000, ya ce mai saye ya zaɓi ɗaya, ko takardar ko shaidar. Aka tashi da zane 4,851 waɗanda shaidarsu aka zaɓa. A watan Oktoba na 2022 ya fara cinna wa takardun wuta a Landan.

Ita kanta shaidar ana "ƙona" ta, ta hanyar aika ta wani adireshi da ba mai mabuɗinsa. Ana kuma haɗe biyu su koma ɗaya, kamar a aikin The Merge na Pak, wanda aka sayar kan dala miliyan 91.8 a Disamba 2021. Sannan akwai makin ƙaranci. Alal misali, cikin fuskoki 10,000 na CryptoPunks, tara kacal aka zana da siffar halittun wata duniya. In ka raba 10,000 da tara, makin wannan siffa ya zarce 1,100. Duka dabarun nan uku manufarsu ɗaya ce: abu ya yi kaɗan domin ya yi tsada.

To, tambayata ita ce, daidai ne mutum ya ƙirƙiri daraja ta hanyar hallakarwa? Wani zai ce ai zinariya ma ƙarancinta ya sa take tsada. Gaskiya ne, amma ba mai sayar da ita ya yanke yawanta ba, a ƙasa ya tarar da ita. Wani kuma zai ce wannan ɓoye hatsi ne kawai a sabuwar riga. Nan ma ban yarda ba, domin mai ɓoye gero yana sa yara kwana da yunwa, mai ƙona shaida kuwa bai hana kowa tuwo ba.

A nawa ɗan ƙaramin tunani, illar tana cikin zuciya. Makin ƙaranci ba ya auna kyau, ba ya auna amfani. Abin da yake aunawa shi ne yawan waɗanda ba su da irin naka. Ashe ke nan jin daɗin mai shi ya rataya a kan rashin wasu, ribarsa kuma a kan samun wanda zai saya da tsada fiye da shi. Da masu sayen suka janye a 2022, kasuwar ta faɗi warwas, aka bar na ƙarshe riƙe da toka.

Mu da muke neman ilimi mun san wata dukiya dabam, wadda ba ta raguwa don an raba ta. Saboda haka kowa ya tambayi kansa game da abin da ya fi so: in kowa ya samu irinsa, zan ci gaba da sonsa? Allah Ya sa mu dace, amin.