Zaman Shiri

Akwai wata tambaya da ta kamata mu yi wa kanmu, mu da mu ke ciniki, ko sana'ar hannu, ko riƙon jama'a. Ga ta: idan mutum ya fito gaban mutane da aikin da bai shirya ba, ya kuma karɓi ladansa cif, laifi ya yi, ko kuwa sakaci ne kawai wanda ba ya cutar kowa sai shi kansa? Da yawa za su ce ai wannan ba sata ba ce, ba kuwa ƙarya ba ce. Mu dai muna gani maganar ta fi haka nauyi. Za mu nemi amsarta a wurin makaɗa. Kada mai karatu ya yi mamaki, gama ba dukan abin da makaɗi ya ke faɗi mu ke yabo ba; yadda ya ke aikinsa mu ke dubawa.

Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero a Kano, sun raba waƙoƙinmu kashi biyu: na shiri da na ƙire. Waƙar ƙire ita ce wadda makaɗi ya ke tsarawa nan take a tsakiyar fili. Ta shiri kuwa sai an zauna a gida an gina ta tukuna. Makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, masu shiri ne.

Bari mu tsaya a kan Ɗanƙwairo, mutumin ƙasar Bakura wanda ya zauna a Maradun, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya rasu a 1991. Duk wanda ya taɓa jin waƙarsa a rediyo ya san yadda ta ke tafiya. Shi zai ɗauko magana, kafin ya kai ƙarshenta 'yan amshi sun karɓe ta daga bakinsa sun ƙarasa, murya ɗaya, ba mai riga wani, kotso kuwa yana bin su a ƙasa. Mai sauraro yakan ga kamar abin sauƙi ne, kamar ruwa ne ya ke gangara. Amma a yi tunani kaɗan. Ƙaƙa mutum biyar ko shida za su san ƙarshen maganar da ba su taɓa ji ba? Ba za su sani ba. Lalle sun zauna sun maimaita ta har ta zauna musu a baki. A wannan zama babu sarki, babu jama'a, babu mai ba da riga ko doki. In wata kalma ba ta hau kiɗa ba, sai a sauke ta a nemi wata. In ɗaya yana makara wajen karɓa, sai a koma daga fari saboda shi. Kafin wannan ma, dole makaɗin fada ya nemi sanin asalin sarkin da zai yi wa waƙa, da sunayen kakanninsa, da kirarin gidansu, gama idan ya ɗora wa sarki kakan da ba nasa ba a gaban fadawa, kunyar ba ta wankuwa.

Abin lura a nan shi ne, a wurin shiri maigidan kiɗa ba ya zama can gefe yana ba da umurni. Yana ciki. Yaransa suna jin kuskurensa da kunnensu, domin a gabansu ya ke gwada abin da bai nuna ba tukuna. Ɗanƙwairo kansa ya daɗe yana ƙarƙashin wansa Kurna kafin ya zama mai jan waƙa. Wanda ya yi amshi shekaru ya san wahalar mai amshi.

To, mu komo gida. A nan Ruwan Bago da sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye, ga tela ya karɓi ɗinkin mutum ashirin ana saura mako biyu Kirsimati, bai duba kekensa ba, bai lissafa kwanakinsa ba. Ga mai noman rani a bakin ruwan Challawa, wanda aka gama madatsarsa a 1992, ya ɗauki 'yan ƙwadago ya kai su gona, sai a ranar dashe ya tarar injin ban ruwa ba ya tashi. Ga shugaban ƙungiyar manoma ya kira taro, mutane sun bar aikinsu sun zo, shi kuwa bai buɗe littafin kuɗi ba tun taron da ya wuce, sai kame-kame. Kakanninmu sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amma mu tambaya: da aka fafe ta ranar tafiya, wa ya sha ƙishirwa? Yaron da ya tafi sujada da tsohuwar riga ne, da ɗan ƙwadagon da ya koma gida ba ko sisi, da manoman da suka ɓata yini guda. Wannan shi ya sa ba mu yarda a kira abin sakaci kawai ba. Mai ba ka ɗinki ba ya iya shiga ɗakinka ya ga ko ka shirya. Ya amince ne kawai. Wanda ya karɓi kuɗin aiki ya karɓa har da kuɗin shirin da ba a gani, in kuwa bai yi shirin ba, ya ci amana, ko da ba wanda zai iya kai shi gaban alkali.

Mun san abin da waɗansu za su ce: "To, Shata fa?" Gaskiya ne. Mamman Shata, mutumin Musawa a ƙasar Katsina, ya yi suna a kan cewa ba ya zaman shirya waƙa. A fili ya ke ƙirarta, kalangai suna tashi yana zubawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, har ya rasu a 1999 ba a sami kamarsa ba. Ashe ba shaida ke nan ba cewa baiwa ta isa?

Ba mu gani haka ba. Tun yana saurayi, yana tallar goro da alewa, ya ke waƙa a dandali da kasuwa, ya kuma yi fiye da shekara 50 yana yi ba fasawa. Mutumin da ya yi abu dubban sau, shirinsa yana cikin jikinsa. Ban da haka, a lura da ginin waƙarsa: 'yan amshinsa gindin waƙa su ke riƙewa suna maimaitawa, makaɗan kalangunsa kuwa sun saba da shi har sun san inda zai juya. Ƙasa a daɓe ta ke, shi ya sa ya ke iya takawa yadda ya ga dama. Mu kuwa da mu ke fakewa da Shata, yawancinmu ba baiwarsa mu ke da ita ba, ƙyuya ce mu ke nema mata suna mai daɗi.

Saura magana ɗaya, ita ce kuwa ta fi ci mana rai. Kowa ya san sunan Ɗanƙwairo, amma a cikin masu karanta wannan takarda mutum nawa ne za su iya kawo sunan biyu daga 'yan amshinsa? Kyauta a hannun maigida ta ke faɗawa, ko kuɗi, ko riga, ko doki. Idan bai raba ta yadda kowa zai ga an yi masa adalci ba, gobe ba wanda zai zauna masa zaman shiri da zuciya ɗaya, kuma ranar fita kowa zai ji gibin a cikin waƙar. Haka ya ke ga mai shago da yaransa. Yaron da ya ke tashi da asuba ya share, ya jera kaya, ya auna hatsi a buhu, ya tsare shago sa'ad da maigida ya tafi Dawanau saro, shi ne ɗan amshi. Al'adar kasuwancinmu ta san haƙƙinsa: in ya yi shekaru yana bauta, a sallame shi da jari ya kafa nasa. Yanzu muna ganin iyayen gida da yawa suna son yaro ya yi musu aikin ɓoye duka, amma da an tā da zancen sallama sai su ce kasuwa ba ta ci bana, a bari sai baɗi. Akwai yaran da suka ji wannan magana shekara bakwai a jere.