Shin Butulci Ne A Auna Alheri?

Tun shekarar 1964 da David Rockefeller da abokansa suka kafa ƙungiyar IESC a Amurka, ake turo tsofaffin manajojin kamfanoni da suka yi ritaya zuwa ƙasashe masu tasowa, domin su ba ƙananan masana'antu shawara ba tare da albashi ba. Holan ta bi sawu da PUM a 1978, Jamus kuma da SES a 1983. Mutum ya bar jikokinsa, ya zo ya sha zafin ranarmu na makonni, ya duba littafin gidan burodi ko na injin niƙa. Abin tambaya a nan shi ne, shin ya dace mu ɗora aikin irin wannan bawan Allah a kan sikeli?

Tarbiyyarmu ta ce a'a. An koya mana cewa idan an yi maka kyauta, godiya ce taka. To amma fa shawara ba goro ba ce da za a karɓa a jefa aljihu. Bin ta yana cin kuɗi da lokaci, kuma idan ta ɓaci, baƙo ya riga ya hau jirgi, mai shago ne zai kwana da bashi.

Mai karatu ya dubi abin da ya faru a Akara ta ƙasar Gana. Masu bincike uku, Karlan da Knight da Udry, sun yi gwaji da teloli 160, suka haɗa wasunsu da ƙwararru daga kamfanin Ernst & Young, ba tare da tela ya biya ko kwabo ba. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna telolin sun ɗauki darasin, sun fara rubuta shiga da fita, amma riba ba ta ƙaru ba, har ma ta ɗan ja baya. Daga bisani suka koma yadda suka saba. Ba wanda ya yi mugunta a nan, kuma ba wanda ya yi lalaci.

Da a ce takardar tambayoyi aka miƙa wa telolin ranar ban kwana, muna kyautata zaton da yabo za su cika ta. Kara da kunya ba za su bar mutum ya kushe wanda ya zauna a bencinsa ba. Mu malamai mun san wannan sarai: ka tambayi aji ko an gane, kowa ya ce "e", sai ranar jarrabawa ido ya raina fata.

Saboda haka muna ganin niyyar mai sa kai tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ba mu da hurumi a ciki. Amfanin shawararsa kuwa haƙƙin mai shago ne a bincika. A dawo bayan shekara biyu, a turo wani dabam wanda ba a jin nauyinsa, a kwatanta da maƙwabcin da bai samu baƙo ba, sannan a nemo waɗanda suka rufe shago, a sa su cikin lissafi.