Ogbunigwe a Idon Ɗalibi

Shin ya dace mutum ya tausaya wa wanda ya ƙera makamin da ya kashe ɗan'uwansa? Tambayar da ke jiran ɗalibin Arewa ke nan in ya shiga gidan kayan tarihin yaƙi na Umuahia, wanda aka kafa a 1985.

A littafi, yaƙin basasa lambobi ne kawai, 1967 zuwa 1970, a haddace a amayar ranar jarrabawa. A can kuwa ga Ogbunigwe a gabanka, nakiyar da 'yan Biyafara suka harhaɗa da tarkacen ƙarafa sa'ad da aka toshe musu hanyoyi. Irinta ce ta ƙone ayarin rundunar Murtala Muhammed a Abagana a 1968. Wanda kawunsa ya kwanta dama a wurin, ba mai hana shi ɓacin rai. Amma in ya dubi ƙirar da kyau, tilas ya hango hannun mutumin da tsoro da yunwa suka yi wa zobe. Gane halin maƙerin ba ba shi gaskiya ba ne, ko kusa.

Abin da ke damuna shi ne ƙarfe ya fi jure ajiya. Motocin sulke na nan jere, ɗalibai na shafawa, amma yaran da yunwa ta kashe sai a hoto.